Turancin Taubashina

Ni ne na fara jin Turanci a duk zuri'armu, kuma ina so a riƙe wannan kafin in faɗi sauran. Shekara biyar na yi a kwalejin horon malamai, na dawo Talatar Mafara da takardar shaida da akwatin littattafai, aka ba ni aji shida a firamare. In wasiƙa ta zo unguwarmu daga Kaduna ko Ikko, ƙofar gidanmu ake kawo ta. In likita ya rubuta wa mutum magani, ni ake nuna wa takardar, ko da yake ni ma ba kullum nake gane rubutun ba. Tsofaffi sukan ce, "A kai ma Malam, shi ka jin yaren Nasara." Wannan magana tana yi mini daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sai aka fara aikin dam ɗin Bakolori, gari ya cika da baƙi. Manyan motoci da katafila suna bin hanyar Maradun tun da safe, ana haƙa hanyoyin ruwa da za su ratsa gonaki har Bakura. Aka gina wa Turawan aikin gidaje a bayan gari, aka kewaye da waya. Yawancinsu 'yan Italiya ne. Ni kuwa da na ji an ce Turawa sun zo, sai na ɗauka lokacina ne ya yi. Duk Turancin da na tara ban taɓa hira da Bature ba, in ban da wani malaminmu na lissafi a kwaleji, shi ma tambaya da amsa ne kawai suka haɗa mu. Na sa aka ɗinka mini sabon wando, na sayi man takalmi, na zauna jiran ranar da za a zo nemana.

Ba a zo ba. Wanda ya samu shiga shi ne taubashina, ɗan gwaggona ta Bakura, wanda na girma da shekara ɗaya. Daga aji uku ya gudu daga makaranta ya zama karen mota tsakanin Gusau da Sakkwato, har ya iya tuƙi. Ko sunansa zai rubuta sai ya zaro harshe waje. Tun muna yara nake kiransa bawana, kamar yadda ɗan namiji yake yi wa ɗan mace, shi kuma yana ce mini ubangida yana kwashe mini nama a kwano. Da aka fara ɗaukar direbobi ya je ya bi layi, aka gwada shi, aka ba shi jif da Bature guda, wani injiniya mai kula da awon hanyoyin ruwa. Gajere ne mai sanƙo, ba ya rabuwa da wata hular kaki da ta sha jiki.

Ranar da taubashina ya zo ya faɗa mini, dariya na yi har da riƙe ciki. Na ce, "Bawana, da wane baki za ka yi magana da shi?"

Ya ce, "Da wanga dai da nika cin tuwo, ubangida."

Ba a yi wata biyu ba dariyar ta tsaya mini a wuya. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo gidanmu cin abinci, ƙannena suka kewaye shi suna cewa ya yi musu irin yadda yake gaida Baturensa. Ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya ce, "Gud monin sa. Hawa wok? Hawa madam? Hawa pikin? Hawa mama?" Gaisuwarmu ce ya ɗauko ɗungurungum, tun daga ina kwana har ina gajiya, har yaya muka ji da zafi, ya juye ta cikin Turancin tasha. Ya ce kowace safiya sai ya yi ta daga farko har ƙarshe kafin ya tada mota, kuma Baturen yana amsa kowace ɗaya. Na ce a raina, wannan Bature ko dai mai haƙuri ne ko kuma kurma.

Ashe ba ko ɗaya. Mutumin kewar gida ke damunsa, ya samu mai tambayarsa. A bakin taubashina muka ji cewa matar Baturen da 'ya'yansa mata biyu suna can ƙasarsu, kuma yana da tsohuwa mai ciwon ƙafa, wadda ya maƙala hotonta a gaban mota, sanye da baƙaƙen kaya, tana zaune kan kujera a ƙofar gida. Kowace wasiƙa ta zo, sai taubashina ya ji yadda ƙafar take. Da gwaggo ta ji labari ta ce ai wannan ba abin zama a zuba ido ba ne, ta cika gwangwani da man kaɗanya ta ce a kai wa tsohuwa ta riƙa shafawa. Baturen ya tafi hutu da gwangwanin, ya dawo da ɗankwali mai furanni shuɗaye, ya ce tsohuwarsa ce ta aiko wa uwar direbansa.

Gwaggo ta ɗaura ɗankwalin nan ranar sunan ɗan yayata, a tsakar gidanmu. Mata suna ta shafawa suna tambaya, ita kuma tana ba da labari kamar ita ta je Italiyar ta dawo. Ina wucewa da tabarma na ji mahaifiyata tana cewa, "Ashe ko ba boko ana jin Turanci." Ba da ni take ba, ba ta ma san ina wurin ba. Amma ranar ban ci tuwon suna ba, na ce kaina ke ciwo.

Na ƙudura a raina cewa duk ranar da na haɗu da Baturen nan zai san akwai bambanci tsakanin wanda ya karanta da wanda ya tsinta a tasha. Na zauna na tsara jimla guda, na goge, na sake, na duba ƙamus, har ta fito yadda nake so. Mako uku ina maimaita ta, a hanyar makaranta, a bayan aji, har gaban ɗan madubin aski. Ina kwaikwayon masu karanta labarai a rediyo, ina fitar da maganar ta hanci.

Ranar ta zo a wata Talata, kasuwa ta cika. Na taso daga makaranta na bi ta rumfar masu tumatir da albasa, sai na ji an ƙwala mini kira, "Ubangida! Taho ga Baturena!" Ga su nan su biyu a tsugune, Baturen yana latsa tumatir ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Taubashina ya kama hannuna yana washe baki, ya ce wa Baturen, "Mai broda. Ticha. Inglish filenti." Da gaske alfahari yake yi da ni, wannan ko a lokacin na gani. Mutane suka matso, don kowa yana so ya ji Malam da Bature.

Na gyara tsayuwa, na saki jimlata. Ma'anarta ita ce, ina fata mai girma baƙonmu ba ya samun yanayin wannan yanki namu da tsanani fiye da kima, idan aka kwatanta da na ƙasarsu mai ni'ima. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Baturen ya dube ni baki buɗe, tumatir a hannu, sannan ya juya ya dubi direbansa ya ɗaga gira. Taubashina ya nuna sama da yatsa ya ce, "Hi se, san hot."

"Aa! Hot, hot!" in ji Baturen. Ya cire hula ya share sanƙonsa, ya girgiza mini hannu, ya koma kan tumatirinsa.

Mai albasa ya ce, "Wai mi anka yi?"

Wani daga baya ya ce, "Turancin Malam na anka fassara ma Bature."

Rumfar ta kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi, amma kunnuwana kamar an zuba musu barkono. Kafin washegari labari ya riga ni zuwa makaranta. Hedimasta ya tare ni a bakin ofis ya ce in zan shiga aji ko in aika a kira mini tafinta. Daga baya na gane shi kansa Baturen a wurin aiki ya koyi Turancinsa, bai fi na taubashina da yawa ba. Sanin haka bai rage mini komai ba, don mutanen kasuwa ba su san wannan ba, abin da suka gani shi suka riƙe.

Ban haƙura ba. Wata Asabar na ce ina so in ga ginin dam, taubashina ya roƙar mini, aka ɗauke ni. Aka sa ni a baya tare da sandunan awo da jarkar ruwa. A aljihuna akwai 'yar takarda da na rubuta abubuwa uku na hira: yanayi, kyan hanya, da girman aikin. Wannan karon na gajarta jimlolin. Na faɗi ta farko, Baturen ya ce yes. Na faɗi ta biyu, ya ce yes. Ta uku ma haka. Kafin mu bar gari takardata ta ƙare.

Su kuwa a gaba ba su yi shiru ba har Maradun. A kan me? A kan banza. Jaki ya tsaya tsakiyar hanya da kayan dankali, suka yi ta magana a kansa. Taubashina ya kwaikwayi yadda makanikensu yake tafiya, Baturen ya yi dariya har da buga gaban mota. Suka wuce wata Bafulatana da ƙwarya, Baturen ya ce "nono" yana jin kansa gwani, taubashina ya ce masa madalla. Inda kalma ta ƙare sai hannu ya karɓa, inda hannu ya kasa sai a yi da fuska. Suka dawo kan ƙafar tsohuwa, wai man kaɗanya ya yi aiki, har tana zuwa coci da kanta. Ni ina baya sandar awo tana dukan gwiwata, ina ƙirga kurakuran nahawu. Na kai talatin da wani abu na bari, don ba wanda zan kai wa.

A bakin ginin suka sayi rake suka tsuguna a inuwar mota suna sha suna tofar da ɓawo. Aka miƙo mini na ce na gode, saboda farar rigata. Na tsaya gefe ina kallon ƙaton bangon da ake zubawa, ma'aikata suna hawa da sauka, amma ban ga komai ba. Hassada ce ta cika mini ciki, ba ta da wani suna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron nan bai ma san yana da wani abu ba. Shi a ganinsa ni ne mai Turanci, shi kuwa lallaɓawa yake yi.

Akwai wani littafin koyon hira da na zo da shi daga kwaleji. A ciki an ce in ka haɗu da Bature ka fara da maganar yanayi, kada ka tambaye shi shekarunsa, kada ka kutsa cikin sha'anin iyalinsa. Na nuna wa taubashina shafin, ko da yake ba zai iya karantawa ba. Na ce, "Ka gani nan, abin da kaka yi rashin ladabi na wurinsu. Haƙuri kawai shika yi da kai." Ya karɓi littafin ya juya shi, ya ce, "To ubangida, shi mai littahin ya san Baturena?" Ya mayar mini yana dariya. Na bar maganar, amma na lura ta ɗan zauna masa, don bayan kwana biyu ya tambaye ni ko da gaske ne an rubuta haka.

Da bazara, ana tsakiyar zafi, abin ya faru. Ina aji wajen ƙarfe goma sai na ga jif ta tsaya a gindin darbejiyar makaranta. Taubashina ya fito, ba dariya, ba kiran ubangida. Na ba yara aiki na fita. Idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Malam, tsohuwa ta rasu. Uwatai. Kukun Baturen ya hwaɗa man, waya ta zo jiya da marece, har an rufe ta. Yau bai hito ba, ya ce in dawo gobe." Ya share fuska da hula. "Ni ban san yadda aka ta'aziyya da Turanci ba. Hawa-hawa kaɗai na iya, kuma wagga ba ta hawa-hawa ba ta. Ka koya man abin da za ni ce, ko kalma huɗu, in hardace. Inna ma ta ce za ta taho gobe mu tahi tare, ta gaishe shi."

Na san abin da ake cewa. A wannan littafin dai, can wajen ƙarshe, akwai shafin ta'aziyya, kuma jimlar gajera ce, ko ɗan aji uku zai riƙe ta. A makon da ya wuce ma na koya wa 'yan ajina rubuta irin wannan wasiƙa. Tana kan harshena. Sai na hango gwaggo da ɗankwalinta tana shiga gidajen Turawa, mai gadi yana buɗe mata ƙofa, Bature yana kuka a kafaɗar ɗanta, labari yana zagaya Mafara da Bakura. Ban yi dogon tunani ba, kuma ba zan ce Shaiɗan ba, ni ne.

Na ce, "Kul. Kada ka soma. Su Turawa ba a yi musu ta'aziyya. In mutum nasu ya mutu ba su son a tuna musu, balle yaron gida. Cin huska na. Ka tuna abin da nin nuna maka cikin littahi? To wanga ya hi shi tsanani."

Ya dube ni. "Ko sannu?"

"Ko sannu. Ka yi kamar ba ka ji ba, shi na girmamawa wurinsu. Kuma ka hana Gwaggo tahowa, kada ta ja maka kora."

"To mi za ni ce in ya shigo mota? In yi shiru kamar gunki?"

Na ce ya yi maganar yanayi, ita ce ba ta da laifi. Nan a gindin darbejiya na koya masa jimla guda, cikakkiya, mai kyan nahawu, wadda ke nufin yau ana zafi ƙwarai, ranka ya daɗe. Ya yi ta maimaitawa har ta zauna. Da can in na gyara masa Turanci dariya yake yi, amma ranar tsoron kuskure ya kama shi, ya riƙe kowace kalma da hannu biyu. Da zai tafi ya ce, "Allah shi saka da alheri, Malam. Da ba ka nan da na yi ɓarna." Na ce amin, na koma aji.

Gwaggo ba ta zo ba. An ce ta yi ta faɗa tana cewa wane irin mutane ne waɗannan da ba a gaishe su da rashi, amma tunda Malam ya faɗa, shi ya san su. Ta ninke ɗankwalin ta sa a ƙasan adaka.

Bayan kwana uku na tambayi taubashina yadda aka yi. Ya ce ya yi yadda na ce. Baturen ya shigo, ya zauna, ya daɗe bai ce a tafi ba, yana kallon hoton. Shi kuma ya riƙe sitiyari, ya faɗi jimlarsa. Baturen ya juyo ya dube shi, ya dube shi, sannan ya sa hannu ya cire hoton ya sa a aljihu, ya ce a tafi. Tun daga ranar ba rake, ba dariya. Taubashina ya daina tambayar madam da yara, don tsoron kada hira ta kai ga tsohuwa. Kowace safiya sai maganar zafi. Ya ce, "Baƙin cikin rashin uwa na, Malam, za ya wuce." Na ce ƙwarai, zai wuce.

Ba a yi wata guda ba aka canja masa aiki. Ba korarsa aka yi ba, Baturen dai ya nemi a ba shi wani direba, shi kuma aka mayar da shi kan tifa, yana jidar tsakuwa daga wajen Maradun zuwa inda ake shafe hanyoyin ruwa da siminti. Ya rame, ya yi baƙi. In ya zo gidanmu ƙannena ba sa kewaye shi kamar da. Zan so in ce na ji tausayinsa, kuma na ji, amma ƙarƙashin tausayin akwai wani sanyi da nake ji a rai, irin na wanda aka cire wa ƙaya.

Wata rana da hantsi na je gidan waya aika takardun makaranta, sai ga Baturen a kan layi, shi ma ya rame. Ya gane ni. Ya ce, "Ticha." Na gaishe shi, a gajarce wannan karon. Ya ja ni gefe, bakin baranda, ya fara magana da guntun Turancinsa, yana nema yana haɗawa, kuma babu kalma ɗaya da ta wuce ni.

Ya ce, "Ɗan'uwanka, me na yi masa? Fiye da shekara, kullum da safe yana tambayar mama. Kullum. Duk wurin nan shi kaɗai ya san ƙafarta, shi kaɗai ya san fuskarta. Ta mutu. Ya sani, kuku ya faɗa masa. Na shiga mota na jira. Ya ce mini yau ana zafi." Ya buɗe hannuwa. "Ashe duk aiki ne? Gaisuwar aiki ce?"

Ga abin da na shekara ina nema ya zo. Bature yana yi mini magana, ni kaɗai, ba tafinta, yana jiran amsata. Kuma amsar mai sauƙi ce, ina da kalmominta duka: ni na hana shi, ya zo da jan ido yana neman abin da zai ce, uwarsa ma ta so zuwa. Amma ina kallon fuskar mutumin nan sai na ji tsohon ciwon ya motsa. Dubi yadda shirun yaron nan ya yi masa ciwo. Ni da zan shekara ban ce masa uffan ba, ko lura ba zai yi ba.

Sai na buɗe baki na yi masa ta'aziyya. Jimlar nan ta ƙarshen littafi, wadda na hana taubashina, ita na faɗa, a hankali, ba ta hanci ba. Wannan karon ya gane. Idonsa ya kawo ruwa, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Tank yu, ticha. Tank yu." Game da tambayarsa kuwa na ce ban sani ba, wataƙila halin direbobi ne.

Ya ce in zo a sauke ni. Ya sa sabon direbansa ya koma baya, shi ya karɓi tuƙi, ni na zauna a gaba. Muka ratsa tsakiyar gari, ta bakin kasuwa, ta gaban rumfar masu albasa. Mutane suka gan ni, wasu har da ɗaga hannu. Na sa gwiwar hannu a taga yadda na sha gani ana yi. Inda hoton yake a da, saura alamar gam. Na laluba cikina ban sami abin cewa ba, shi ma bai nema ba. Can dai na ce hanyar nan ta yi kyau yanzu. Ya ce yes.

Daidai mararrabar Bakura muka yi kiciɓis da tifa cike da tsakuwa. Taubashina ne. Ya gan ni a gaban jif, ya danna ham, ya leƙo da rabin jikinsa yana ɗaga mini hannu yana dariya. Baturen bai juya ba.

Da yamma ya zo gida da ƙurar tsakuwa a gira. Ya ce, "Ubangida, na gane ka gaban mota! Wallahi ta dace da kai. Dama kai ya kamata tun hwarko." Ya zauna ya jawo kwanona kamar yadda ya saba. Yana ci ya ce, "Ni na san inda matsalar take. Kai ka koya man daidai, bakina na bai iya hwaɗi ba. Wata ƙila na karkace ta ta zama zagi." Sannan ya ce, "Ya yi maganar yaran? Babbar ta ci jarrabawa?" Na ce ba mu kai nan ba.

Baturen bai ƙara ɗaukata ba, ba a kuma taɓa zuwa nemana ba. Da aikinsa ya ƙare ya koma ƙasarsu, ba su yi sallama da taubashina ba. Gwaggo ta rasu da ɗankwalin a adaka, aka ba wata jikarta. Na yi niyyar faɗa wa taubashina gaskiya ranar sadakar uku, muna zaune kan tabarma ɗaya mutane suna ta zuwa yi masa gaisuwa, har da waɗanda bai sani ba. Na ga ba ranar ba ce. Na sake yin niyya da zai tafi Makka, na ga ita ma ba ranar ba ce.

Yanzu duk mun tsufa. Ni na yi ritaya, shi yana noman shinkafa a bakin ɗaya daga cikin hanyoyin ruwan da ya jidar wa tsakuwa. Turancin tasha duk ya zube masa, ba ya tuna hawa-hawa sai an tuna masa. Jimla ɗaya ce ta rage, kuma ba ta taɓa karkacewa ba, daidai yake faɗinta kamar ranar da na koya masa. Duk bazara in na je Bakura, yana hango ni zai tara jikokinsa, ya miƙe da ƙyar, ya cire hula, ya ce mini da Turanci yau ana zafi ƙwarai, ranka ya daɗe. Sannan ya juya ya ce musu, "Kun ji Turanci na gaskiya. Wanga Malam shi ya koya man."

Yaran sukan juyo su dube ni, suna jira su ji abin da Malam zai ce. Nakan ce yes.